Me ya sa SSD ke yin nauyi bayan an sauya babbar manhajar kwamfuta?

Wani ƙanena yana da ɗan shagon buga takardu a Narayi, ɗalibai da masu neman aiki su ne yawancin kwastomominsa. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya tarar tsohuwar laftof ɗinsa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai ya ɗora mata Linux Mint a gefen tsohuwar manhajar. Bayan mako biyu kwamfutar ta fara jan ƙafa, kwafe fayil ɗaya sai kwastoma ya gaji da tsayuwa. Mai gyara ya duba ta sama-sama ya ce SSD ta mutu, a sayi sabuwa. To, ba ta mutu ba.

Ma'adanar SSD ba ta da faifai mai juyawa irin na da. Ƙwayoyin lantarki ne da ake kira NAND, kuma suna da wani hali: ana rubutu a kansu shafi-shafi, amma ba a iya gogewa sai gungu guda, wanda ya ƙunshi shafuka da yawa. Kamar allo ne, mai karatu. Kana iya ƙara layi ɗaya a inda babu rubutu, amma in za ka canza abin da ke kai, sai ka wanke allon duka, bayan ka kwashe abin da kake so zuwa wani allon. Idan ma'adanar na da wurare wankakku, rubutu na tafiya da sauri. Idan babu, kowane ɗan rubutu sai ya jira kwasa da wanki.

A nan umarnin TRIM yake shigowa. Da ka goge fayil, babbar manhaja ce ke gaya wa SSD cewa waɗannan shafukan ba su da amfani yanzu, ta wanke su in ta samu sarari. Windows ta fara yin haka daga Windows 7 a 2009. Domin dubawa, buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify. In ka ga 0, yana aiki. A Linux kuwa, systemctl status fstrim.timer zai nuna ko ana yinsa duk mako, sudo fstrim -av kuma zai yi shi nan take.

Sai dai matsalar ƙanena ba TRIM ba ce. Ma'adanarsa 256GB ce, ya bar Windows a ciki, ya bar dukkan takardun kwastomomi, ya kuma cusa Linux a ɗan abin da ya rage. Ta cika maƙil, babu allo wankakke ko ɗaya. Ni dai shawarata ita ce a bar aƙalla kashi 15 zuwa 20 cikin 100 babu komai. Abu na biyu, fayilolinsa na zaune a ɓangare mai tsarin NTFS, wanda na Windows ne. Linux na iya karanta shi, amma da yawa ta hanyar ntfs-3g suke bi, wanda ya fi nauyi idan aka kwatanta da ext4, tsarin Linux na gida. Da muka kwashe komai zuwa ma'adanar waje, muka cire Windows, muka mayar da ɓangaren ext4, kwamfutar ta dawo hayyacinta a yini guda.

Ga wanda ya koma Windows 11, kwana biyu na farko ba abin aunawa ba ne, domin tana can tana sauke sabuntawa da jera fayiloli don bincike. Ka bar ta a kunne in akwai wuta. In nauyin ya ci gaba, duba BitLocker. Tun sigar 24H2, sabuwar ɗorawa kan kunna rufe bayanai da kanta, wanda kan rage gudu a wasu na'urori. Ba na son a kashe shi haka kawai, domin shi ke kare takardunka in an sace laftof. Amma ka tabbata ka adana lambar buɗewa mai lambobi 48, in ba haka ba wata rana kai ma za a rufe ka a waje.

Akwai kuma saitin BIOS. Tsofaffin kwamfutoci na hannu wani lokaci suna zuwa da SATA a kan IDE maimakon AHCI, wanda ke tauye SSD. Hattara: in ka canza shi bayan an riga an ɗora Windows, tana iya ƙin tashi, ta nuna shuɗin allo. Sai an bi ta Safe Mode tukuna.

Kafin ka yanke hukunci, ka auna. CrystalDiskMark zai nuna gudu, CrystalDiskInfo ko smartctl su nuna lafiya da zafi. SSD mai SATA III tana kai wajen 550MB a daƙiƙa, amma in mahaɗin tsohuwar laftof SATA II ne, ba za ta wuce 300 ba ko wace manhaja ka sa. Ita kuma NVMe takan rage gudu da kanta idan zafinta ya haura wajen digiri 70, abin da ba shi da wuya a shago marar fanka a watan Maris ko Afrilu a Kaduna, balle in ƙurar hunturu ta toshe mashigar iska.

Duk wanda za ka gwada cikin waɗannan, fara da kwafe fayilolinka zuwa wani wuri. Ana tsakiyar gyaran ɓangare aka ɗauke wuta, batirin laftof kuma ya riga ya mutu, shi ne ake rasa aikin kwastomomi na shekara guda.