Zangon da bai kai dare ba a bakin gulbin Jega

'Yata ce ta jawo maganar. Ta ga wani hoto a wayar mahaifiyarta, na wasu Turawan Ingila da suka ja wata mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhu, suka kafe ta a bakin teku na kwana uku, sai ta ce: "Baba, mu me ya hana mu?" Na ce mata teku na can Legas, tafiyar yini guda cur, irin wannan mota kuwa ko a kasuwar 'yan gwanjo ban taɓa ganin ta ba. Amma tun da ruwa ake nema, ai Allah bai hana Jihar Kebbi ruwa ba.

Haka muka shirya a hutun Ista na 2025, daga Juma'a 18 zuwa Litinin 21 ga Afrilu, gida biyu cikin motoci biyu, da tabarmi da gidajen sauro da rumfar tamfol. Mun tashi daga Sakkwato bayan sallar Asuba, muka tsaya a Aliero, inda albasar rani take jibge a bakin titi har warinta na shiga mota ta gilashi a rufe. Daga nan Jega kusa ce. Kafin rana ta take muna gaɓar Gulbin Zamfara.

A watan Afrilu gulbin ya ja baya, ya bar rairayi mai faɗi, yara na iya taka ruwan gefe ba tare da hankalin iyaye ya tashi ba. Mun sayi kifi daga hannun masunta, matan suka soya shi a murhun duwatsu uku, mu kuma muka kafa rumfar da iska ta kayar har sau biyu. Ɗana, wanda a gida ba ya rabuwa da waya, ya yini yana kallon yadda ake jefa birgi. A gaskiya na daɗe ban ga iyalina cikin irin wannan walwala ba, kuma abin da muka kashe bai kai kuɗin kwana guda a otal ɗin Abuja ba.

Mai karatu, kada ka ɗauka kwana a fili baƙon abu ne da muka aro. Jega kanta zango ne ya ɗaukaka ta. A ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, kuma ta nan ayarin fatake ke bi zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi su dawo da goro daga Salaga. Madugu na gaba, jagaba na duba hanya, mata da yara na cikin ayari, duk inda ruwa yake a nan ake yada zango, wata da watanni. Hanyar ba ta rasa 'yan fashi ba, shi ya sa fatake ke biyan sarakunan da suke ratsa ƙasarsu, su kuma su ɗauki nauyin tsaron baƙo har ya wuce. Wato akwai wanda za a tuhuma idan abu ya faru. Shi Baturen da 'yata ta gani, abin da ya fi mu da shi ke nan: filin da ya sauka na da mai shi, da ƙofa, da mai gadi.

Bayan La'asar wani dattijo daga cikin masuntan ya zo ya gaishe mu, ya dubi rumfar, ya ce: "Alhaji, a nan za ku kwana da iyali?" Na ce haka muka yi niyya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi dai bai ji an taɓa kowa a wurin ba, amma ba zai iya ɗaukar alkawarin dare ba. Ban yi masa gardama ba. Duk wanda ya tuna sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021, ko harin Lakurawa a garin Mera cikin Nuwamban 2024, ya san nisan wuri ba ya kwantar da hankalin mai iyali. Shirinmu na ƙarasawa Yauri mu shiga jirgin ruwa kuwa tun a gida uwargida ta soke shi, saboda ba ta manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba.

Abin da ke damuna shi ne, jihar da UNESCO ta sanya bikin kamun kifinta na Argungu cikin kayan gadon duniya a 2016, har yau yawon buɗe ido a wurinmu biki ne na 'yan kwanaki da manyan baƙi, ba wurin da malamin makaranta zai kai 'ya'yansa ran Asabar ba. Fili mai shinge a bakin gulbi, da banɗaki, da famfo, da 'yan banga, da rigunan kariya a hannun Sarkin Ruwa, ƙaramar hukuma ma za ta iya, ta kuma karɓi kuɗin shiga.

Kafin Magariba muka naɗe tamfol, muka tsallake gada zuwa Maiyama, gidan surukin abokina. A tsakar gidansa muka ɗaura gidajen sauro, yara suka kwana biyu suna kallon taurari a bayan katanga. Ran Lahadi da safe 'yata ta tambaye ni ko za mu koma gulbi, na ce za mu koma, amma da rana.