Hoton Asibiti da Ire-irensa

A bakin mutumin Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, idan likita ya buƙaci ganin abin da ke cikin jikin majiyyaci, cewa ake yi "an tura shi hoto". Sai dai abin da ake kira hoto a asibiti ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin sanin bambancin kan jawo illa, musamman ga mace mai juna biyu.

Mafi daɗewa shi ne eksire, wato hoton ƙashi ko na ƙirji. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano wannan haske a shekarar 1895. Hasken yakan ratsa tsoka cikin sauƙi, amma ƙashi yakan tare mafi yawansa, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari a hoton. Karayar da maɗori ke lalube da hannu, a nan ana ganin ta ƙuru-ƙuru. Aibinsa shi ne, yawan shigarsa jiki na lahanta ƙwayoyin halitta, kuma ɗan tayi ya fi kowa rauni a gabansa. Saboda haka ake kare ɗakin hoto da ma'aikatansa da dalma. Abin lura, dalmar nan ce gubarta ta hallaka ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. A wurin haƙar zinariya ta zama ajali, a ɗakin hoto kuwa garkuwa.

Sikanin da ake yi wa masu ciki daban yake, domin babu wannan haske a cikinsa ko kaɗan. Sauti ne wanda kunne ba ya iya ji ake turawa cikin jiki, ya bugi gaɓoɓi ya dawo kamar amsa-kuwwa, sannan na'ura ta mayar da shi hoto. Da irin wannan dabara jemage ke gane hanya cikin duhu. Likita Ian Donald da injiniya Tom Brown ne suka inganta shi a birnin Gilasgo, suka bayyana sakamakon aikinsu a 1958, bayan sun aro dabarar daga na'urar da masana'antu ke binciken tsagewar ƙarfe da ita.

Akwai kuma siti-sikan, wanda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara gwada shi kan majiyyaci a 1971. Eksire ne shi ma, sai dai kwamfuta ke harhaɗa hotunan da aka ɗauka ta kowace kusurwa, kuma hasken da yake zuba wa jiki ya ninka na hoton ƙirji sau da yawa.

Don haka matar da aka turo daga Tsafe zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ba ta da dalilin gudun sikanin. Idan kuwa eksire ko siti-sikan aka rubuta mata, wajibi ne ta shaida wa ma'aikaci cewa tana da ciki, ko da zato take yi, kada kunya ta hana ta.