Sauke Ƙaramar Mota Ƙasa Ba Tare da An Rasa Daɗin Tafiya Ba

Sauke mota shi ne rage tazarar da ke tsakanin bodinta da ƙasa ta hanyar sauya wasu daga cikin kayan ƙafarta. An fi yin wannan aiki ga ƙananan motoci masu ƙofa a baya, waɗanda but ɗinsu ke haɗe da wurin zaman fasinja, irin su Volkswagen Golf da Peugeot 206 da Ford Focus da Toyota Yaris. Golf, wadda ta fara fitowa a Jamus a 1974, ita ce ta fi shahara a wannan aji, kuma da ita za a fi yin misali a nan.

Dalilai biyu ne ke kai masu mota ga wannan aiki. Na farko ado ne: idan gibin da ke tsakanin taya da bodi ya ragu, motar takan yi fasali. Na biyu riƙon hanya ne: idan nauyin mota ya kusanci ƙasa, rinjayar da take yi a kwana tana raguwa, sitiyari kuma ya ƙara jin magana. Sai dai duk milimitar da aka sauke, an ɗebe ta ne daga wurin da ƙafar ke motsi, kuma a wannan wurin motsin ne daɗin tafiya yake.

Yadda ƙafar mota ke aiki

Abubuwa huɗu ne ke tsakanin ramin hanya da bayan fasinja: taya, sifirin, shakazoba, da wata roba mai tare ƙafa idan ta kai ƙarshen lotsawarta. Taya ce ke fara haɗuwa da gargada, tana shanye ƙananan duwatsu da tsagar kwalta. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin motar, yana lotsawa idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. Shakazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta shi ne kashe rawar sifirin, ta hanyar tura mai ta wasu ƙananan kafofi a cikinta, don kada motar ta yi ta tsalle bayan an wuce ramin. Robar ƙarshe kuwa tana nan ne don ranar da bugu ya fi ƙarfin sifirin, ta hana ƙarfe haɗuwa da ƙarfe.

A gaban Golf da yawancin ire-irenta, sifirin da shakazoba a haɗe suke cikin sanda guda, tsarin da ke ɗauke da sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson. A baya kuma, Golf ta 1 zuwa ta 4 masu ja da gaba suna da ƙarfe guda mai murɗuwa wanda ya haɗa tayoyin biyu. Daga Golf ta 5 da ta fito a 2003 aka kawo tsarin hannuwa da yawa, inda kowace taya ke motsi da kanta.

Mutumin da ya diro daga katanga yakan lanƙwasa gwiwoyinsa don su shanye bugun. Idan ya diro yana riga ya tsuguna, babu sauran inda gwiwar za ta lanƙwasa, ƙugunsa ne zai sha wuya. Haka lamarin yake ga mota. A ɗauka cewa ƙafar wata mota tana da santimita 8 na lotsawa kafin ta taɓa robar ƙarshe. Idan an sauke ta da santimita 3, saura 5. Idan an sauke ta da 6, saura 2 kacal, wato ko ƙaramin rami ya isa ya kai ta ƙarshe. Wannan dukan da ake ji har cikin ƙashin baya a motar da aka sauke fiye da kima, yawanci daga nan yake fitowa.

Saboda haka ne gajeren sifirin ke zuwa da ƙarin tauri. Tun da wurin motsi ya ragu, dole sifirin ya tsayar da nauyin motar cikin ɗan taƙin da ya rage. Gwanintar aikin ita ce a sami taurin da zai hana ƙafa kaiwa ƙarshe, amma bai kai ya mayar da motar kamar ba ta da sifirin ba.

Iyakar da ta dace

Kamfanonin da ke ƙera motocin su ma suna sauke wasu samfuransu, kuma akwai darasi a cikin awon da suke tsayawa a kai. Volkswagen ta sauke Golf GTI ta 7 da milimita 15 kawai idan aka gwada ta da Golf ta yau da kullum, Golf R kuma da milimita 20. Masu ƙera sifirin na musamman, irin su Eibach da H&R na Jamus, sukan fitar da na tafiyar yau da kullum wanda ke sauke mota da kimanin milimita 25 zuwa 35. Akwai kuma masu kaiwa milimita 45 zuwa 50, amma waɗannan an yi su ne don wanda ya yarda ya sayar da jin daɗi ya sayi ado.

Ga mai son motarsa ta ci gaba da ɗaukar iyali, kusan milimita 30 ita ce iyaka mai hankali. A wannan awon ido zai ga bambanci, ƙafa kuma tana da sauran wurin aiki. Da zarar an wuce milimita 40, wasu matsaloli sukan kunno kai. Hannun ƙasa na ƙafar gaba, wanda aka tsara shi ya kwanta kusan a miƙe, sai ya karkace, har motar ta nemi rinjaya a kwana fiye da yadda ake zato. Sitiyari yakan fara fizga idan taya ɗaya ta hau tudu. Shaf ɗin da ke kai ƙarfin injin zuwa taya shi ma yana aiki a kusurwar da ba tasa ba.

Hanyoyin saukewa

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce sauya sifirin kaɗai. Iri biyu ne. Akwai wanda taurinsa ɗaya ne daga farkon lotsawa har ƙarshe. Akwai kuma wanda tazarar zagayensa ba ɗaya ba ce, yana farawa da laushi, yana ƙara tauri yayin da yake lotsawa. Na biyun ya fi dacewa da mai neman daɗi, domin yana shanye ƙananan gargada da laushinsa, ya tare babban bugu da taurinsa. Wajibi ne a sayi wanda aka yi don ainihin samfurin motar da injinta, domin Golf mai injin dizal ta fi mai ƙaramin injin fetur nauyi a gaba, sifirinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Hanya ta biyu, wadda ta fi inganci, ita ce sauya sifirin tare da shakazobar da aka yi dominsa. Nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure. Shakazobar asali an auna ta ne da sifirin mai laushi da tsawo. Idan aka ɗora mata gajere mai tauri, ba ta da ƙarfin kashe rawarsa, sai motar ta riƙa ɗan tsalle-tsalle ko a kan kwalta mai kyau, shakazobar kuma ta mutu da wuri, balle idan dama ta tsufa. Shi ya sa Bilstein ke yin samfurin B8, wanda ya fi na asali gajarta, musamman don sifirin saukewa. Koni ta ƙasar Holand kuma tana da wanda ake iya murɗawa a ƙara masa ƙarfi ko a rage.

Hanya ta uku ita ce koyiloba, wato shakazoba mai zare a jikinta kamar na noti, da mazaunin sifirin da ake murɗawa sama ko ƙasa. Amfaninta shi ne mai mota ne ke zaɓen tsayin da yake so, kuma yana iya ɗagawa idan ya ga ya wuce gona da iri. Masu inganci, irin na kamfanin KW, suna da tsada. Masu araha kuwa sun yi ƙaurin suna wajen tauri, kuma ƙura da tsatsa kan cinye zaren har ya ƙi murɗuwa. Akwai kuma tsarin jakar iska, wanda ke ɗaga mota ya sauke ta da maɓalli, amma kuɗinsa na iya kusantar kuɗin tsohuwar motar kanta, ga kwamfiresa da bututai masu neman kulawa.

Abin da ba a yi

Yanke sifirin da ƙona shi da wutar walda su ne dabaru biyu da ake yi don gudun kashe kuɗi, kuma dukansu haɗari ne. Taurin sifirin ya dogara da yawan zagayen da ke aiki. Idan mai zagaye 6 aka yanke masa ɗaya, taurinsa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, ba tare da wani ya auna ko hakan ya dace da motar ba. Bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma idan taya ta rataya a cikin rami, gajeren sifirin na iya gocewa daga wurinsa. Wuta kuwa tana kashe horon da aka yi wa ƙarfen a masana'anta. Sifirin da aka ƙona zai ci gaba da zaunawa, kowane gefe da nasa tsayin, har wata rana ya karye. Araha ba ta ado, musamman a abin da ke riƙe da ran mutane.

Taya da rim

Sau da yawa ana ɗora wa sifirin laifin da na taya ne. Mai sauke mota yakan so manyan rim, babban rim kuwa yana zuwa da taya mai siririn gefe. Lambobin da ke jikin taya suna bayyana wannan. Taya mai lamba 195/65 R15, wadda Golf ta 4 ke yawan zuwa da ita, tana da gefe mai tsayin kimanin milimita 127, wato kashi 65 cikin 100 na faɗinta. Mai lamba 225/45 R17 tana da kimanin 101, mai 225/40 R18 kuma 90. Wannan roba da iskar da aka rasa su ne ke shanye ƙananan gargada kafin su iso ga sifirin. Siririyar taya kuma ta fi saurin kumbura ko fashewa a bakin rami, rim ɗin ya lanƙwashe. Mai son daɗi ya tsaya a rim mai inci 15 ko 16, mara nauyi, ya kuma sa mai faci ya bi awon iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai.

Ranar aiki da bayanta

Kafin a kwance komai, a ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi, a rubuta. Da wannan ne za a san ainihin abin da aka sauke. Sifirin da ke cikin sandar gaba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu, don haka ba a kwance shi sai da abin matsewa na musamman.

Tun da an riga an buɗe ƙafar, lokaci ne na duba bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannuwan ƙafa, da robar saman shakazoba, a sauya duk wanda ya tsage. Robar ƙarshe ita ma a sa gajeriyar da ta zo da kayan, ko a rage ta gwargwadon umarnin masu ƙera sifirin, amma kada a cire ta gaba ɗaya. Akwai wata ƙa'ida da ƙwararren bakanike ba ya tsallakewa: notin bushin ba a ɗaure shi tamau yayin da motar ke kan jak. Sai an sauke ta ta tsaya da ƙafafunta. Idan aka ɗaure shi a sama, robar za ta zauna a murɗe, ta ƙara wa motar tauri, ta kuma yage cikin ɗan lokaci.

Bayan aiki, dole a kai motar alaimen, domin saukewa na sauya karkatar taya da inda ta fuskanta, kuma rashin gyara wannan ne ke cinye taya ta gefen ciki. Sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan 'yan kwanaki, don haka yana da kyau a sake aunawa. A daidaita fitilun gaba, sannan a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a tabbatar taya ba ta gogar bodi ko da an ɗauki mutane da kaya.

Hanya ce ke yanke hukunci

Kayan saukewa da yawa an tsara su ne don titunan Turai. A Jamus ma ba a barin kowa ya yi yadda ya ga dama, sai kayan sun sami amincewa, kuma hukumomin duba mota irin su TÜV na sa ido. A Nijeriya da Nijar lissafin ya bambanta. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ta samu karɓuwa ne saboda tsayinta da doguwar lotsawar ƙafarta, kuma har yau direbobin Golf na haya sun fi neman a ɗaga musu baya saboda lodi. Tudun rage gudu na cikin unguwanni, ramukan damina, da gangaren shiga gida, duk suna jiran kaskon baƙin mai da salansa da bambar motar da aka sauke. Kaskon da ya fashe aka ci gaba da tafiya kuwa yana iya kashe injin cikin mintuna.

Saboda haka, kafin a sayi komai, mai mota ya dubi hanyar da yake bi kullum da nauyin da yake ɗauka. Idan kwalta ce mai kyau, sauke milimita 25 zuwa 30 da sifirin da shakazobar da suka dace da juna, tare da taya mai kaurin gefe da alaimen mai kyau, zai ba shi ado da riƙon hanya ba tare da wahalar da fasinja ba. Idan kuwa gargada ce hanyarsa, ya bar motar a tsayinta, ya kashe kuɗin a kan sabuwar shakazoba da tayoyi masu inganci.