Bayani A Kan Iskar Gas Da Wutar Lantarki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da attajirai, ku sani fitilar da almajiri ke bitar allo da ita, da injin niƙa na kasuwa, galibin ƙarfinsu daga iskar gas yake. Kimanin kashi uku cikin huɗu na lantarkin Nijeriya da ita ake yin sa, saura kuwa daga madatsun ruwa irin Kainji.

Ana haƙo iskar nan a Kudu, wajen bakin teku, a tura ta cikin bututu zuwa tasha. A Egbin, kusa da Ikko, tasha mai megawat 1,320, ƙona ta ake yi a tafasa ruwa, tururin ya juya injuna shida.

To, in aka fasa bututu, ko bashin masu iskar ya taru suka rage ta, sai injin ya tsaya alhali lafiyarsa lau, Arewa ta kwana cikin duhu. A 2020 aka soma shimfiɗa bututu daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, kilomita 614, domin iskar ta iso mana. Sai dai kuɗin da mai shan wuta ya biya, da shi ake sayen iskar. Wanda ya sha bai biya ba ya ci haƙƙin jama'a. Allah Ya kiyashe mu, amin.