Yadda A Ke Dafa Naman Sa da Dankali a Ƙaramar Wuta

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano cikin watan Janairu, in ya kai ƙasar Kura zai ga abin mamaki. Ko'ina ciyawa ta bushe, hazo ya rufe sama, amma ga gonaki kore shar, alkama a nan, tumatir a can, albasa da masara a gaba. Ruwan da ke rayar da su daga madatsar Tiga ya ke fitowa, wadda aka gama ginawa bisa Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ya ke biyo manyan hanyoyin da aka haƙa masa, har ya iso Bunkure da Kura da Garun Malam. Saboda haka manomin wannan ƙasa ba shi da hutun rani. Tun da asuba ya ke fita ban ruwa cikin sanyi, ba ya komowa gida sai rana ta yi gora, ga gajiya, ga yunwa. Mai irin wannan aiki abinci mai riƙe ciki ya ke bukata, kamar naman sa da dankali da aka dafa tare cikin tukunya ɗaya.

Sai dai nama yana da tsada, ba kullum a ke ganinsa a gida ba. Ran da maigida ya yi ciniki mai kyau a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, ya biyo ta wajen mahauci ya sayo kilo guda, abin baƙin ciki ne a kawo naman da tauri kamar ƙirgi, yara su yi ta ja da haƙori, tsofaffi kuwa su tsotse su ajiye. Sau da yawa a kan ɗora wa mahauci laifi. Alhali kuwa laifin na wuta ne.

Naman sa ba iri ɗaya ba ne. Wurin da ba ya shan wahala a jikin dabba, kamar gadon baya, tsokarsa taushi gare ta, ba ta daɗewa bisa wuta. Amma ƙwauri da wuya da ƙirji da wutsiya cike su ke da jijiya, da wani farin tantani mai ƙarfi wanda ya ɗaure tsokar kamar yadda a ke ɗaure dami da igiya. Shanun ƙasarmu kuwa matafiya ne. Wani ya yi shekaru yana bin makiyayi daga wannan mashaya zuwa waccan, wani ya tsufa yana jan garma, kafin a kai shi kara, kamar ta Wudil wadda ke ci ran Juma'a. Iyakar wahalar da sa ya sha, iyakar ƙarfin jijiyarsa.

To, jijiyar nan ba ta jin gaggawa. Amma in aka bar ta cikin ruwan zafi sa'a biyu ko uku, sai ta riƙa narkewa kaɗan kaɗan, ta zama wani abu mai danƙo, ya bi romo ya yi masa kauri da garɗi. Igiyar da ta ɗaure tsoka ta kwance ke nan, nama ya yi laushi. Duk wanda ya taɓa ganin farfesun ƙafar sa ya kwana lokacin hunturu, da safe aka iske shi ya daskare kamar kokon da ya huce, to, ya ga narkakkiyar jijiya da idonsa. Masana na kiran wannan abu jelatin. Ashe naman da ya fi tauri shi ya fi ba da romo mai daɗi. Ba a banza aka ce mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa ba.

Wani zai ce, ai sai a hura wuta da ƙarfi, sa'a uku ta koma ɗaya. Wannan ba ya yiwuwa, ga kuwa dalili. In aka auna da ma'aunin zafi, ruwa ya kan tafasa wajen digiri 100. Da zarar ya kai nan, ko an tura itacen duniya cikin murhu, ruwan da ke cikin tukunya ba zai ƙara zafi ba, sai dai ya zama tururi ya tashi sama. Watau tukunyar da ke zabalbala kamar za ta tsage, da wadda ke motsi a hankali, zafinsu kusan ɗaya ne. Babbar wuta ba ta gaggauta dahuwa, abin da ta ke yi kawai shi ne ta cinye itace, ta ƙone ruwa, ta sa gindin tukunya ya kama. Itace kuwa yau saye a ke yi, kuma kowane dami daga jikin wata bishiya ya fito.

Wata yarinya da ke koyon girki ta ga harshen wuta ya kwanta, sai garwashi. Ta ce, "Inna, in ƙara itace? Wutar ta yi sanyi."

Uwar ta ce, "A'a, 'yar nan, bar ta haka. Matsa ki kasa kunne. Tukunyar tana magana?"

Ta ce, "Tana yi, Inna, amma a hankali."

Uwar ta ce, "To, haka a ke so. In kin ji ta fara ihu, ruwanmu ne ke gudu."

Sai kuma dankali. Iri biyu ne aka sani a kasuwa, na Hausa mai zaƙi, da na Turawa. Ko da ya ke a kan ce dankalin Turawa, asalinsa ba na Turai ba ne. Mutanen duwatsun Andis ne, a ƙasar Peru da Bolibiya cikin Amurka ta Kudu, suka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce. Mutanen Sifen suka kai shi Turai wajen 1570, daga baya Turawa suka kawo shi ƙasar nan, sunansu ya bi shi. Tsiro ne mai son sanyi, shi ya sa yawancin wanda a ke ci a Kano daga kan tudun Jos a ke kawo shi, daga wurare kamar Bokkos da Mangu. Har akwai wurin binciken nomansa a wani gari kusa da Jos, sunansa Kuru. A lura, Kuru dabam, Kura dabam.

Wajen saye, a zaɓi mai ƙarfi, mai santsin baya. Wanda ya sha rana har fatarsa ta yi kore, ko wanda ya tsira ya yi ƙahoni, akwai dafi a wurin, yana sa ciwon ciki da amai, kuma dahuwa ba ta kashe shi. In koren kaɗan ne a yanke shi da zurfi a zubar, in ya game dankalin a jefar da shi duka.

Halin dankali ya saɓa da na nama. Cikin minti 20 ko 30 ya dahu, in ya wuce haka da yawa sai ya dagargaje ya ɓace cikin ruwa. Don haka ba a zuba su lokaci ɗaya. Nama ke yin gaba da nisa, dankali ya tarad da shi kusa da gida.

Ga yadda a ke yi wa gidan mutum shida ko bakwai. A sami nama kilo ɗaya, na ƙwauri ko wuya, da ɗan ƙashi mai ɓargo, a wanke da ruwan rijiya ko na famfo, ba na hanyar ban ruwa ba, gama wannan ya ratso gonaki ya kwaso taki da maganin ƙwari. A yanka shi manya manya, a tsane ruwan. A ɗora tukunya, a zuba man gyaɗa ludayi ɗaya, in ya yi zafi a sa naman a soya sama sama har bayansa ya yi ja. Wannan suyar ita ke ba romo ƙanshi, ba a tsallake ta. Sa'an nan a zuba albasa biyu yankakku, da jajjagen tattasai da attarugu da tumatir huɗu ko biyar, a juya har ɗanyen warinsu ya tafi. A daka citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari kaɗan, da daddawa, a zuba, a sa gishiri. Kana a zuba ruwa, daidai yadda zai sha kan naman kawai. A nan ne kaɗai a ke son wuta sosai, har tukunya ta tafasa. Da ta tafasa sai a janye itace, a bar garwashi, a rufe da murfin da ya zauna daram.

Daga nan aiki ya koma na jira. Mai girki ta tafi ta yi shara ko wanki, ta riƙa leƙowa jefi jefi ta tura ɗan itace ɗaya ko ta ƙara gawayi. Kada a yawaita buɗewa, don kowace buɗewa zafi ne ke fita. In ruwa ya ja baya a ƙara mai zafi, ba mai sanyi ba. Tukunyar ƙasa ta fi dacewa da wannan dahuwa, domin tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa, ba kamar ta dalma mai sirin jiki ba.

Bayan kamar sa'a biyu a ciro tsoka ɗaya a matsa ta da cokali. In ta fara rabuwa, lokacin dankali ya yi. A fere kilo ɗaya da rabi, a raba kowanne biyu ko huɗu, a zuba, a rufe. A ƙasar Kura tumatir ya kan yi araha a tsakiyar rani, har mai girki ta ji kamar ta juye kwando guda cikin tukunya. Gara ta yi hankali, gama tsamin tumatir yana hana dankali saurin laushi. Waɗansu su kan jefa ɗan guntun kanwa don ta kashe tsamin, gaskiya ne kuwa tana kashewa. Amma in ta yi yawa ta kan ɓata ɗanɗano, ta kuma lalata waɗansu sinadaran abinci masu amfani ga jiki. Wanda ya ba tukunya lokacinta ba ya bukatar kanwa sai kaɗan, ko ma babu.

Ba Hausawa kaɗai suka san amfanin ƙaramar wuta ba. A Amurka wani mutum mai suna Irving Naxon ya ƙago tukunya mai aiki da lantarki wadda ke dafa abinci a hankali, a 1971 aka fara sayar da ita da sunan Crock-Pot. A kan zuba kayan abinci da safe, a tafi aiki, ta yi ta dahuwa sa'a shida ko takwas. In aka duba cikinta kuwa, me za a gani? Tukunyar yumɓu ce aka saka cikin gwangwani mai ɗumi. Amma tana son lantarkin da ba ya yankewa, in ya ɗauke tsakiyar dahuwa abincin na iya lalacewa.

Akwai wata dabara wadda ba ta bukatar lantarki, har itacen ma kaɗan ta ke ci. Mutanen Turai sun yi aiki da ita lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, sa'ad da makamashi ya yi musu wuya. Su da busasshiyar ciyawa suka yi cikin akwati. A Kura da Bunkure kuwa ga ɓuntun shinkafa nan tsibi tsibi bayan injinan casa. A sami babban kwando, a ɗura busasshen ɓuntu cikin tsofaffin buhuna, a shimfiɗa a ƙasansa da kewayensa, a bar gurbin tukunya a tsakiya. A bar nama ya tafasa sosai bisa wuta kamar rabin sa'a, sa'an nan babba ya sauke tukunyar a rufe, ya nannaɗe ta da tsohon zane mai tsabta, ya sa ta cikin gurbin, ya danne da wani buhun ɓuntu a sama. Ɓuntu ba ya ba da zafi, tsare shi ya ke yi kada ya fita, kamar yadda bargo ke yi wa mai barci. Naman sai ya ci gaba da dahuwa da zafin da ke jikinsa.

Amma wannan dabara tana da doka, kuma ba a wasa da ita. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, su kan hayayyafa cikin abinci in zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60. Abinci mai ɗumi ɗumi shi ne gonarsu. Saboda haka tukunyar ta kasance kusan cike, don ƙaramin abinci ya fi saurin hucewa. Kada a buɗe ta, kada kuma ta wuce sa'a uku ko huɗu cikin kwando. In an fito da ita, lalle ne a mayar da ita bisa wuta ta sake tafasa sosai. A lokacin nan ne a ke zuba dankali, ya dahu tare da wannan tafasa ta biyu.

In dankali ya yi laushi, a murƙushe guda uku ko huɗu a jikin tukunya da bayan ludayi, a juya, romon ya ƙara kauri. A watsa yankakken lawashi ko alayyahu, a rufe minti biyar, a sauke. Sauke tukunya aikin manya ne, yara su ja da baya, musamman masu rarrafe. A kan ci shi haka nan da cokali, ko a haɗa da gurasa ko burodi a riƙa dangwala romon. A fara zuba wa maigida da tsofaffi, sa'an nan yara su kewaye tasu tasa. Abin da ya ragu a tafasa shi da dare kafin a kwanta, a rufe, a sake tafasawa da asuba kafin a zuba wa masu fita ban ruwa.