Tumur: Gwamnati ta gina, wa zai kula?

Ofishin meri, gidan likita, lakwal, shaton ruwa da rumfunan kasuwa: waɗannan su ne abubuwan da talaka ke gani da idonsa ya ce lalle akwai hukuma a ƙasa. A garin Tumur na jahar Difa, inda dubban ƴan gudun hijira suka sauka bisa kayan da aka auna don ƙaramin gari, tambayar yau ba ta gini ba ce. Tambayar ita ce: wa ke riƙe da lissafin kayan, wa ke gyara su, kuma da wane kuɗi?

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi gabas bisa babbar hanya mai lamba 1 sai ya shafe kilomita sama da 1,300 kafin ya iso Difa. Daga Difa kuma akwai sauran kimanin kilomita 75 zuwa Tumur, garin makiyaya da ƴan kasuwa cikin gundumar Boso, wanda kilomita 14 kacal ke tsakaninsa da iyakar Najeriya. A kudancinsa ne Komadugu ke gangarawa zuwa tabkin Chadi, tana shayar da gonakin tattasan nan da ya yi wa ƙasar Mangari suna har kasuwannin Maiduguri da Kano. Wannan nisa ba labarin taswira ba ne kawai. Duk takardar da sai an kai ta Difa an sa hannu, duk injin da sai an jira kayan gyaransa daga Damagaram ko Yamai, nisan nan yana shiga cikin kuɗinsa, kuma talaka ne ke biya.

Yadda hukuma ta matso kusa

Don rage wannan wahala ne aka yi tsarin sakar wa ƙananan hukumomi mara. Maganar ta taso da ƙarfi tun taron ƙasa na 1991, amma sai a 2002 aka yi dokar da ta raba Nijar zuwa ƙananan hukumomi 265, Tumur na cikinsu. Ranar 24 ga watan Yulin 2004 aka yi zaɓen kansiloli na farko, garin da a da aka fi saninsa da sarautar rukunin Fulani ya samu magajin gari da ofishin meri. A 2011 Boso ta zama gunduma mai farfe nata, da ƙananan hukumomi biyu a ƙarƙashinta, Boso da Tumur. A watan Janairun 2016 kuma gwamnati ta sa hannu kan ƙudurin miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli.

A bisa takarda, abin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai miƙa aiki daban, miƙa kuɗin aikin da ma'aikatansa daban. Ƙananan hukumomin karkara da yawa a faɗin ƙasa sun wayi gari da nauyin azuzuwa, rijiyoyi da ɗakunan shan magani, alhali duk ma'aikatan merin ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba: babban magatakarda, mai karɓar kuɗi, jami'in rajistar haihuwa, sai mai gadi.

Kayan da suka fi ƙarfin jaki

Ana cikin haka rikicin Boko Haram ya tsallako Komadugu. Ranar 6 ga watan Fabrairun 2015 aka kai hari Boso da Difa, kwanaki kaɗan bayan haka aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar, wadda aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru. An hana hawan babur, an hana kamun kifi da cinikin tattasai na wani dogon lokaci. A watan Mayun wannan shekara aka kwashe mutanen tsibiran tabkin Chadi, kuma kafin ƙarshen 2015 makarantu sama da 150 sun rufe a jahar, yara kimanin 12,000 suka zauna gida. Harin Boso na watan Yunin 2016 ya sake tarwatsa mutane kimanin 50,000.

Tumur ya zama masauki. A ƙarshen 2020, bisa lissafin hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, garin na ɗauke da ƴan Najeriya 20,000, da ƴan ƙasa 8,300 da rikici ya raba da gidajensu, da wasu 3,600 da suka komo gida daga Najeriya. Waɗannan duka ruwa suke sha, likita suke zuwa, haihuwa suke yi. Amma ba sa cikin ƙidayar masu biyan lanho ta garin, kuma ba don su aka auna girman shaton ruwa ko yawan gadajen gidan likita ba.

Cikin daren 12 ga watan Disambar 2020, jajibirin zaɓen kansiloli, maharan suka faɗa wa Tumur. Gwamnati ta ba da sanarwar rasuwar mutum 28, gidaje tsakanin 800 zuwa 1,000 suka ƙone, babbar kasuwar garin ta zama toka, aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa baki ɗaya. Bayan rayukan da ba su da fansa, wutar ta ci wasu abubuwa biyu da ba a cika ambata ba: takardun jama'a, da kuma kasuwar da meri ke samun kuɗin shiga daga cikinta.

Takarda, uwar aiki

A wajen ma'aikaci, takardar haihuwa ƙaramin aiki ne na ƴan mintoci. A wajen yaro kuwa ita ce ƙofar kome. Ba ya zaman jarrabawar BEPC sai da ita, ba ya samun katin shaidar ɗan ƙasa sai da ita, ɗan kasuwa kuma ba ya ratsa shingayen jandarma da ƴan duwan cikin kwanciyar hankali in babu kati a aljihu. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 64 cikin 100 ne na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista a Nijar, kuma karkara ce ke baya. Mafi yawan waɗanda suka gudo bakin Komadugu sun iso hannu wofi, ba wata shaidar da za ta nuna ko su ƴan wace ƙasa ne.

Dokar 1 ga watan Yulin 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa, kuma kyauta ne. Wanda ya wuce wa'adin sai ya nemi hukuncin alƙali, da shaidu, da kuɗin mota, da kwanakin barin sana'a. Nan ne ake gane ofis mai tsari da maras tsari. In littafin rajista ya ƙare aka yi wata biyu ana jiran sabo, ko ungozoma ta rubuta haihuwa amma ba wanda ya kai takardun meri, to abin da zai ƙare kyauta ya koma shari'a. Zaman da alƙalai kan fita su yi cikin ƙauyuka da sansanoni, da taimakon ƙungiyoyin agaji, ya fitar da yara masu yawa daga wannan rami. Amma magani ne na bayan ciwo. Rigakafin shi ne littafi kada ya yanke, mai rubutu ya samu ɗan hasafinsa a kan kari, kuma kowane shafi ya samu kwafi a Difa, bisa takarda ko cikin kwamfuta, ta yadda in wuta ko ambaliya ta ci na gari, sunan yaro bai tafi tare da shi ba.

Ruwan da aka biya da jini

Babu wanda zai yi maganar ruwan Tumur bai tuna ranar 22 ga watan Nuwambar 2018 ba. A ranar aka kashe mutum 8 a wurin kwanansu, ma'aikata 7 na kamfanin Foraco da jami'i guda na ma'aikatar ruwa, waɗanda suka zo haƙa rijiyoyin burtsatse don jama'a. Rijiyar da aka samu da irin wannan tsada bai kamata ta mutu don rashin ƙaramin kayan gyara na ƴan jikkuna ba.

Amma haka abin ke faruwa a garuruwa da dama. Ranar buɗewa ana kiɗa da jawabi, a yanke ƙyalle, baƙi su shiga mota su tafi. Bayan shekara biyu ko uku famfo ya tsaya, ko farantin hasken rana ya fashe, ko gazuwal ya ƙare, mata su koma tsohuwar rijiya. Dokar ruwa ta 2010 ta fayyace hanya: kayan na ƙaramar hukuma ne, mai shan ruwa yana biyan kuɗin hidima, ana iya ba ɗan kasuwa kwangilar tafiyar da shaton, kuma ana ware wani kaso na kuɗin a ajiye don sabunta injin da ƙara bututu. Inda aka bi wannan tsari da gaskiya, ruwa bai cika yankewa ba. Inda aka taɓa asusun don hidimar baƙi ko biyan wani bashi, ranar da injin ya ƙone sai a tarar da asusu fayau. Wahalar Tumur ta musamman ita ce yawancin masu ɗiban ruwan ba su da abin biya. Ruwan kyauta kuwa wani ne ke biyansa. In ba a rubuta ko wane ne ba tun farko, gwamnati ko ƙungiyar agaji, injin ne zai biya da ransa. Tun ran gini, ran zane.

Gidan likita ma haka. Tun 2006 ake duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, bisa alkawarin gwamnati za ta mayar wa asibitoci kuɗinsu. Jinkirin mayarwar, wanda ya kai watanni har shekaru a wurare da yawa, ya bar kantocin magani fanko, likita ya rubuta takarda, uwa ta tafi kasuwa ta saya.

Ina kuɗin za su fito?

Ƙaramar hukumar karkara na rayuwa bisa lanhon da sarakuna ke tarawa, da tikitin kasuwa, da kuɗin shaidar sayar da dabbobi, da na tasha. Duk waɗannan ciniki ne uwarsu. Da aka hana tattasai da kifi, da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, aljihun meri ya ji jiki kamar yadda na ɗan kasuwa ya ji. Akwai kuma wata matsala ta bakin iyaka: haraji da sefa ake rubuta shi, ciniki kuwa da naira ake yinsa, kuma tsakanin hannun mai karɓa da akwatin meri canji na iya cin rabonsa.

Sauran hanyoyi biyu ne. Akwai hukumar ANFICT, wadda dokar 2008 ta kafa don raba tallafin gwamnati ga ƙananan hukumomi. Akwai kuma kashi 15 cikin 100 na kuɗin man fetur da doka ta ware wa yankin da ake haƙo shi, ga shi kuwa tun 2011 man Agadem daga ƙasar Difa yake fitowa. Magadan gari sun sha kuka kan bashin wannan kaso da ke taruwa. Ko da ya zo, an fi son a zuba shi cikin sabon gini da za a nuna, maimakon rufin ajin da ke yoyo. Ƙungiyoyin agaji sun toshe ɓaraka mai yawa, amma zanen aro ba ya rufe katara: kowane shiri yana da ranar ƙarewa.

Abin da ba ya bukatar miliyoyi

A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ne ke kan kujera ko naɗaɗɗe, aikin bai sake ba, kuma mafi yawansa bai bukatar kuɗi masu yawa.

Na farko shi ne littafin kaya. Tun 2012 ƙungiyar UEMOA ta fitar da ƙa'ida kan lissafin kayan gwamnati, wato kowane gini, mota, injin da tebur a rubuta shi, da halin da yake ciki, da sunan wanda ke riƙe da shi, a kuma ƙirga su duk ranar da wani ya miƙa aiki ga wani. Kayan da ba a rubuta ba, ba a san ranar ɓatansa ba. Na biyu, kada a karɓi makullin sabon gini daga kowane mai taimako sai an rubuta kuɗin kulawarsa na shekara cikin kasafi. Na uku, a liƙa farashin kowace hidima a ƙofar ofis, da Faransanci da harsunan gari, a kuma karanta shi a rediyo, domin wanda ya san abin da ake binsa ba a cika cutarsa ba. Na huɗu, rabon tallafi ya bi yawan mutanen da ke zaune a gari a yau, ba ƙidayar 2012 ba. Na biyar, ma'aikacin da aka tura bakin Komadugu a ba shi wurin kwana, da alawus na haɗari, da ranar canji tabbatacciya, don kada turawar ta zama kamar horo, ofis ya koma na kwana biyu a mako.

Ƴan kasuwa ma suna da nasu rabo. Wanda ya ba da dala goma a hannu don ya kauce wa tikitin dala ashirin bai ci riba ba, domin gobe shi ne zai sayi ruwan jarka da tsada, shi ne zai ɗauki hayar mota ya kai mai naƙuda Difa. Neman rasit haƙƙi ne, halartar zaman da ake karanta kasafin meri ma haƙƙi ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mutanen Tumur sun binne nasu, sun share toka, sun sake kafa rumfuna. Abin da suke jira daga hukuma ba mai wuyar faɗi ba ne: famfo ya kawo ruwa da safe, a tarar da likita da magani a ɗakinsa, yaron da aka haifa yau ya samu takardarsa kafin kwana 60 su cika.