Kira Ɗaya, Lasisi Ya Tafi

Duk ɗalibin da ke shiga motar haya daga Tamawa zuwa Kurfi ko Dutsin-Ma ya saba ganin direba da hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan riƙe da waya a kunne. Fasinjoji ko ɗaga kai ba sa yi. Da a Ingila ne, wannan kiran kaɗai ya isa ya mayar da sabon direba ɗan koyo.

Can, tun 2017, riƙe waya ana tuƙi maki 6 ne na laifi. Wanda bai cika shekara 2 da cin jarrabawar tuƙi ba kuwa, maki 6 ɗin ne iyakarsa. Za a soke lasisinsa, ya sake biyan kuɗi, ya zauna jarrabawar dokokin hanya, sannan ta tuƙi. Faransa ragewa take yi: sabon direba da maki 6 yake farawa, tsohon hannu 12. In suka ƙare, sai ya haƙura da mota wata 6, kuma ya sake jarrabawa.

Mu ma muna da tsarin, ko da ba kowa ya sani ba. A jerin laifuffukan hukumar FRSC, rashin ɗaura bel maki 2 ne, waya 4, tuƙin ganganci 10. In suka taru, daga gargaɗi sai dakatarwa, sai ƙwace lasisi. Ga direban haya, abincinsa ke nan aka taɓa.

Ku 'yan SS3 masu ɗokin sitiyari, sai kun cika shekara 18, kun yi makarantar koyon tuƙi, sannan jami'an VIO su gwada ku. Alamomin hanya suna cikin abin da za su tambaya.